Ranar da na kashe allo na shiga shafin da na gina

Saƙon bai zo mini kai tsaye ba. A akwatin imel na ƙungiyarmu ya faɗa, shugabar ofis ta turo mini shi da kalma biyu a sama: "Duba wannan." Wata baiwar Allah ce ta rubuto. Ta ce sau uku ke nan tana ƙoƙarin yin rajistar kwas a shafinmu, tana cike suna da imel da lambar waya har ƙarshe, amma sai ta rasa inda za ta danna ta tura. Daga akwatin ƙarshe, in ji ta, sai kawai ta tsinci kanta a gindin shafi, wurin adireshi da alamar Facebook. Ta ƙara da cewa ita makauniya ce, da manhajar karanta allo mai suna NVDA take aiki, kuma saura kwana tara a rufe rajista.

Ni na gina shafin, shekara biyu kafin nan, kuma ba zan ɓoye ba, ina ji da shi. Na buɗe fom ɗin na cike, na kai linzami kan koriyar kibiyar da ke ƙasa na danna, ya tafi sumul. Har na fara rubuta amsar da duk mai gina shafi ya haddace, wato "a wurina dai yana aiki", sai na ce bari in auna da Lighthouse, manhajar binciken da ke cikin Chrome. Makin da ta ba ni a ɓangaren sauƙin amfani ga masu nakasa ya haura 90. Saura ƙiris in ɗauki hoton makin in tura mata. Hoto fa, ga makauniya.

Maganar gindin shafin ce ta tsayar da ni. Bayanin ya yi daidai da yadda na jera shafin, wanda bai bi ta wurin ba ba zai ƙirƙiro shi ba. Sai na sauke NVDA. Kyauta ce, wasu makafi biyu 'yan Ostareliya, Michael Curran da James Teh, suka rene ta tun daga 2006, lokacin da manhajojin irinta sai mai hali. Na kunna ta, na cire linzami na jefa a aljihun tebur, na kashe allon kwamfutar.

Minti goma na farko ban yi komai ba sai ɓata hanya. Muryar ta fara karanto shafin, kuma da yake samfurin da na ɗauko tun farko an rubuta a kansa cewa harshen shafin Ingilishi ne, ni kuma ban taɓa sauyawa ba, haka take ta markaɗa Hausa da lafazin Turanci. Na danna Tab, maɓallin da ke kai ka daga wani abu zuwa na gaba a shafi, ta ce mahaɗi. Na sake dannawa, mahaɗi. Sai da na danna sau arba'in da wani abu kafin in fita daga jerin zaɓuɓɓukan sama in iso ainihin abin da ke shafin, kuma duk sabon shafin da na buɗe sai na sake wannan tattakin daga farko. Hotunan da na ɓata dare ina zaɓa, muryar ba ta san su da komai ba sai sunan fayil, haruffa da lambobin da kyamara ta laƙaba musu, tana karanto su ɗaya bayan ɗaya kamar mai kiran lambar mota. A fom ɗin kuwa, akwatuna uku a jere ta kira su da suna guda: wurin rubutu, wurin rubutu, wurin rubutu. Na san na biyun na imel ne don ni na gina shi. Yadda ita ta gane, sai daga baya ta faɗa mini: canka ta yi.

Da na zo ƙarshen fom na danna Tab, sai ga ni a gindin shafi, kamar yadda ta faɗa. Na kunna allo na duba kod ɗin, jikina ya yi sanyi. Kibiyar nan tawa ba maɓalli ba ce. Wani fankon akwati ne, irin wanda ake kira div, na shafa masa launi, na liƙa masa hoton kibiya a bayansa, na ce in an danna shi da linzami ya tura fom. A ido maɓalli ne. A wurin burauza kuwa ba shi da suna, ba shi da aiki, Tab ma ba ya tsayawa a kansa. HTML, harshen da ake gina shafi da shi, na da maɓalli na gaske tun fil azal, wanda Tab ke samu, Enter da Space ke dannawa, manhajar karanta allo ke kira da sunansa, ba tare da ka rubuta ƙarin layi ko ɗaya ba. Na ƙi shi ne don gyara kamanninsa ya ba ni wahala a lokacin. Gyaran bai ci minti biyar ba. Na rubuta mata cewa ta sake gwadawa, kafin yamma ta yi rajista.

Da a nan na tsaya da ba wanda zai ce mini uffan. Amma abin da na ji cikin minti goman nan ya ƙi barin kunnena, sai na nemi izinin wata guda in bi shafin kaf.

Na fara da karanta ƙa'idojin da kowa ke komawa gare su, WCAG, na ƙungiyar W3C mai tsara mizanin intanet. Na farko ya fito a 1999, na 2.0 a 2008, na 2.1 a 2018, sai 2.2 a Oktoban 2023. Matakai uku gare su, A da AA da AAA, kuma na tsakiyar ne yawancin dokoki da hukumomi ke nema, shi na sa a gaba. Rubutun yana da nauyi, kamar lauyoyi ne suka zauna da injiniyoyi suka rubuta, amma in ka tace shi tambayoyi huɗu yake yi: mutum zai iya riskar abin, ko da ido ko da kunne ko da yatsa? Zai iya sarrafa shi? Zai fahimce shi? Kuma zai yi aiki da kowace irin manhajar taimako da mutum ya zo da ita?

Gwaji na biyu da allo a kunne na yi shi, amma ba linzami, don akwai masu gani garau da hannunsu ba ya iya riƙe linzami, ko saboda rawar jiki, ko shanyewa, ko karaya ta ɗan lokaci. Nan ma na sha mamaki. Ina danna Tab amma ban san inda nake a shafin ba, babu alamar da ke nuna mini. Sai na tuna. Burauza da kanta takan zana zobe a kan duk abin da Tab ya sauka a kai, kuma lokacin da muke gina shafin wani a ofis ya ce zoben yana ɓata kwalliya, ni kuma na share shi da layi ɗaya na CSS, kod ɗin kwalliyar shafi. Wannan shi ne karo na biyu da na gano cewa ba mantawa na yi da wani abu ba, da hannuna na cire abin da aka ba ni kyauta. Na dawo da zoben, na ƙara masa kauri, na kuma sa mahaɗin tsallake a can saman shafi, wanda Tab na farko ke sauka a kansa ya kai ka kai tsaye ga abin da ka zo nema. Dannawa arba'in ta koma biyu.

Launi ne ya jawo gardama. Ƙa'idar ta ce bambancin haske tsakanin rubutu da bangonsa kada ya gaza 4.5 a kan 1, in rubutun manya ne 3 a kan 1. Baƙi a kan fari shi ne ƙololuwa, 21 a kan 1. Ruwan tokar da muke rubuta bayanai da shi, mai lamba 999999, bai kai ko 3 ba a kan fari. Mai zanen shafinmu ta ce in aka duhunta shi zai yi kama da takardar gwamnati. Na ce mata ta ɗauki wayarta ta fita rana ta karanto mini sakin layi ɗaya. Ta fita, ta dawo tana murza ido, muka daidaita a kan 767676, wanda kusan shi ne ruwan toka mafi haske da ke haye mizanin a kan fari. Ba mu kaɗai ba ne da wannan ciwon. Cibiyar WebAIM da ke Jami'ar Jihar Utah a Amurka tana binciken shafukan farko na manyan gidajen intanet miliyan ɗaya duk shekara tun 2019, kuma kowace shekara sama da kashi 90 cikin 100 ake samu da kurakurai, rubutu mai dishi-dishi ne kan gaba. Sanin haka ya ɗan rage mini kunya, ko da yake bai gyara komai ba.

Sauran na fom na bi su da sauri. Kowane akwati na ba shi lakabi na gaske da ke ɗaure da shi, maimakon ɗan rubutun cikin akwati da ke ɓacewa da zarar ka fara bugawa. Kuskure da muke nunawa da jan layi kawai, wanda mai matsalar bambance launi ba zai gani ba balle makaho, na sa ya zama jimla da ke faɗin abin da ya faru da yadda za a gyara. Na sauya alamar harshe zuwa ha, wato Hausa. Na ƙara girman shafin zuwa kashi 200, sannan 400, na ga rubutu yana hawa kan rubutu, na kwance tsayayyun awon da na ɗaɗɗaure akwatuna da su.

Daga nan ne kai ya fara kumbura. Na gano ARIA, wasu alamomi da ake ƙara wa kod don yi wa manhajar karanta allo ƙarin bayani, sai na shiga barbaɗa su ko'ina. Kowane hoto kuma na rubuta masa bayani layi uku, har da furannin ado da ke raba sassan shafi. Na sake aunawa da Lighthouse, maki 100 cif. Na gwada da wasu manhajojin bincike biyu, axe da WAVE, babu jan alamar kuskure ko ɗaya. Na rubuta wa matar nan na tambaye ta ko za ta yarda ta gwada shafin ina saurare, a biya ta lokacinta kamar kowane ƙwararre. A raina yabo nake jira.

Mun haɗu ta kiran bidiyo, ta buɗe mini allonta da sautin kwamfutarta. Na fara da kame-kame, ina ta "masu buƙata ta musamman" da "masu lalurar gani", sai ta katse ni tana dariya.

"Malam, ce makauniya kawai. Ba zagi ba ne. Buƙatata kuma ba ta musamman ba ce, rajista nake so in yi kamar kowa."

Abu na farko da ya ruɗa ni shi ne saurin muryar. Ta ninka wadda na yi amfani da ita nesa ba kusa ba, ban kama ko kalma ɗaya ba sai da ta rage don ni. Na biyu, ashe ba ta bin shafi daga sama zuwa ƙasa kamar yadda na yi. Harafin H take dannawa tana tsalle daga kanu zuwa kanu, yadda mai ido ke watsa kallo a shafi ya tsaya inda yake so. Tsalle biyu ta yi ta ce, "Kanunka biyu ne kacal?" A ido sun kai goma sha. Sauran duk rubutu ne da na ƙara wa girma da kauri ban taɓa shaida wa burauza cewa kanu ne ba. Manhajojin bincike uku ba wadda ta kama wannan, don ba su da yadda za su san abin da nake nufi.

Ta danna Insert da F7, jerin duk mahaɗan shafin ya fito. Muryar ta fara: danna nan, danna nan, ƙarin bayani, danna nan, ƙarin bayani.

"To wanne zan danna, Malam?"

Ban da amsa. Mai ido yana ganin jimlar da ke gefen "danna nan" ya gane. Ita a jeri take jin su, tsirara.

Sai muka zo kan aikin da nake taƙama da shi. Ta sauka a kan furen ado na farko, muryar ta shiga karanto bayanina: launin furen, yawan ganyensa, yadda ya karkata. Ta bari ya ƙare, ta ci gaba, ta sake cin karo da wani furen, aka sake karantowa. A na uku ta tsaya.

"Wannan furen akwai abin da zan yi da shi ne?"

Na ce a'a, ado ne.

"To ka bar shi ya yi shiru mana."

A nan na koyi cewa hoton ado ana ba shi fankon bayani ne da gangan, gurbin bayanin, wato alt, yana nan amma babu komai a ciki, sai manhajar ta wuce shi kamar babu. Hoton da ke ɗauke da saƙo kuma, saƙon ake rubutawa. Muna da hoton jadawalin darussa da na bayyana da "jadawali mai launin shuɗi da fari", ban faɗi rana ko lokaci ko ɗaya ba. Ta ce ta gode da sanin launin. ARIA ɗina ma haka: na sa wa maɓalli alamar cewa maɓalli ne, na ƙara masa lakabin da ya danne rubutunsa na asali, na kuma sa wani sashe yana sanar da duk sauyin da ya faru, har yana katse ta tana tsakar bugawa. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Daga baya na ga cewa shawara ta farko da masu tsara ARIA ke bayarwa ita ce in HTML na da abin da kake so, yi amfani da shi ka ƙyale ARIA. A makon da ya biyo baya abin da na share ya fi abin da na rubuta yawa.

Mafi muni bai ma cikin lissafina. Muna da wani ƙaramin allo da ke faɗowa bayan daƙiƙa ashirin yana roƙon a yi rajistar wasiƙar labarai. Ya faɗo tana cikin aiki, ya rufe shafin a idona, ita kuwa ba ta san ya zo ba, muryar na ci gaba da karanta abin da ke bayansa. Da ta buɗe wanda ke tambayar tabbacin rajista kuma, sai ta shiga ta kasa fita, Escape ba ya rufe shi, alamar rufewar ma wani div ne ɗan'uwan kibiyata. Na wasiƙar labaran cire shi muka yi gaba ɗaya, kuma har yau ban ji wanda ya yi kewarsa ba. Ɗayan na sake gina shi: in ya buɗe hankalin manhajar ya koma cikinsa, in an rufe ya dawo kan maɓallin da ya buɗe shi.

Ana cikin haka shugabar ofis ta turo mini tallan wani kamfani. Wai layi ɗaya za ka liƙa a shafinka, ƙirƙirarriyar basira ta gyara komai cikin kwana biyu, ga ɗan gunki a gefe da ke ƙara girman rubutu da sauya launi. Ta ce me ya sa za mu ci wata guda. Na tambayi mai gwajinmu, ta ce irin waɗannan ta fi so a ce babu su, don sukan yi karo da manhajarta, kuma mai buƙatar ƙara girman rubutu ya riga ya saita kwamfutarsa tun kafin ya zo shafinmu. Na haɗa wa shugabar da labarin cewa a 2025 FTC, hukumar kare masu sayayya ta Amurka, ta sa wani kamfanin irin wannan ya biya dala miliyan 1 saboda alkawarin da ya wuce abin da manhajarsa ke iyawa. Maganar ta mutu a nan. Abin da ya fi shigar ta ma alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya ne, cewa mutum biliyan 1.3, kusan ɗaya cikin shida, suna rayuwa da nakasa mai tasiri. Ta ce to ashe waɗanda suka juya ba su rubuto ba sun fi wadda ta rubuto yawa.

Bidiyon darussan ne suka cinye sauran watan. Kurame na buƙatar rubutun abin da ake faɗa a ƙasan bidiyo, kuma wanda na'ura ke fitarwa da kanta bai ko kusa da abin da malaman suka ce ba. Da hannu muka zauna muka rubuta, mu biyu, minti goma na bidiyo yana cin fiye da awa guda in ka haɗa da daidaita lokaci. A nan ma na lura da wani abu: malami zai nuna allo ya ce "kamar yadda kuke gani a nan", ya wuce. Wanda ba ya gani bai samu komai ba. Tsofaffin ba mu sake ɗauka ba, mun rubuta bayanin a ƙasansu, amma mun roƙi malaman nan gaba su riƙa faɗin abin da suke nunawa. Gwajin nan na karkatattun haruffa da ke tantance mutum daga na'ura mun cire shi daga fom. A waya kuma na gwada da manhajojin karanta allonta, TalkBack da VoiceOver, na faɗaɗa ƙananan maɓallan da ba su kai ɗigon allo (pixel) 24 a tsaye 24 a kwance da WCAG 2.2 ta nema ba.

Akwai abin da har yanzu bai kammalu ba. Tsofaffin takardun PDF ɗinmu da yawa hoton takarda ne aka ɗauka, manhajar karanta allo ba ta jin komai a cikinsu, muna mayar da su shafuka a hankali, waɗanda aka fi buɗewa tukuna. Ma'aikatan da ke ɗora labarai kuma na tilasta musu cike gurbin bayanin hoto kafin su iya wallafawa. A makon farko na duba, hotuna tara, bayaninsu "hoto", "hoto", "hoto 2". Sai da na tara su na kunna musu muryar suka ji da kunnensu.

Ita kuwa ta yi kwas ɗin har ƙarshe, wata uku. Ranar da aka raba takardun shaida ta imel sai ga saƙonta, wannan karon kai tsaye gare ni.

"Malam, barka da aiki. An turo mini wani fayil, manhajata ta ce hoto ne. Ina zaton takardar shaidata ce. Don Allah duba mini ko an rubuta sunana daidai."

Na buɗe. Sunan daidai yake. Na rubuta mata haka, sannan na buɗe kod ɗin da ke fitar da takardun, wanda ni na rubuta shi shekara biyu da suka wuce, na fara neman inda yake mayar da rubutu hoto.